Wane ne mai busa ƙahon nan da kumatunsa ke kumbura?

Tambaya: Malam, na ga hoton wani baƙar fatan Amurka yana busa ƙaho, kumatunsa sun kumbura kamar na mai algaita, bakin ƙahon kuma ya lanƙwashe yana kallon sama. Wane ne shi, kuma me ya yi da ake ta girmama shi?

Amsa: Dizzy Gillespie ke nan. An haife shi a garin Cheraw na jihar South Carolina a 1917, ya rasu a 1993.

Batun ƙahon tsautsayi ne. A 1953, ana bikin zagayowar ranar haihuwar matarsa Lorraine, wasu 'yan rawa suka faɗa wa ƙahon ya lanƙwashe. Da ya busa sai ya ji sautin ya yi masa daɗi, ya sa aka ƙera masa irinsa. Kumatun kuwa, shekarun da ya yi yana cika su da iska ne suka sake su.

Amma ba hoton ne ya ɗaukaka shi ba. Kafin zamaninsa, kiɗan jaz na rawa ne, manyan ƙungiyoyi na kaɗa wa jama'a suna taka rawa. A farkon shekarun 1940, shi da 'yan uwansa makaɗa Charlie Parker da Thelonious Monk da Kenny Clarke sukan haɗu da tsakar dare a gidan kiɗa na Minton's da ke unguwar Harlem a New York, bayan an tashi aiki. A can aka haifi bebop: kiɗa mai gudu, mai sarƙaƙiya, wanda sai mutum ya zauna ya kasa kunne. A ganina, babban abin da Gillespie ya bari shi ne koyarwa. Parker baiwarsa ba ta misaltuwa, amma Gillespie ne ke zama gaban fiyano ya warware wa matasa sirrin sabon salon, ba ya ɓoye komai. Fitaccen mai busa ƙaho Miles Davis na cikin waɗanda suka amfana.

A 1947 ya ɗauki makaɗin ganga ɗan ƙasar Cuba, Chano Pozo, wanda kiɗansa ke da saiwa a al'adun Afirka ta Yamma. Tare suka fitar da kiɗan "Manteca", suka haɗa jaz da gangunan Cuba. A 1989 har sarauta aka naɗa masa a Iperu, jihar Ogun.

In kana son ka ji shi, fara da "Manteca" ɗin, ka bi gangar Pozo da kyau, sannan ka koma kan abin da suka ɗauka shi da Parker a 1945.