Na koyi fiyano na Turawa, amma a sintasaiza kiɗana sai ya cakuɗe

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a Samaru, Zariya. Tun ina yaro nake koyon fiyano irin na katako, ina karanta rubutun kiɗa, ina buga Bach da Chopin daidai gwargwado. Yanzu na sayi ɗan kibod na jona da kwamfuta, ina son tsara kiɗana da sintasaiza, na'urar da ke ƙirƙirar sauti ta lantarki, in fitar da shi da kaina, ba ruwana da kamfani. Amma duk abin da na buga sai ya fito a cakuɗe. Abokaina na situdiyo a Sabon Gari sun ce karatun ne ya ɗaure min hannu. Haka ne?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Cakuɗewar da kunnenka ya ji gaskiya ce, amma karatunka ba shi da laifi. Hannunka ne ke buga wa sabuwar na'ura kiɗan tsohuwa.

Fiyano, tun wadda Cristofori ya ƙera a Italiya wajen 1700, kayan bugu ce. Ka danna maɓalli, 'yar guduma ta doki waya, daga nan sautin ya fara mutuwa. Shi ya sa Chopin yake cika maka hannu biyu da sautuka, ga feda a ƙarƙashin ƙafa tana riƙe su kafin su ɓace. Sintasaiza kuwa muddin yatsanka na kan maɓalli, za ta iya riƙe sautin da ƙarfinsa. Ƙari a kan haka, sauti ɗaya nata na iya fin na fiyano kauri nesa ba kusa ba. To ka haɗa yatsu takwas, ka taka feda: ai dole su hau kan juna, musamman ta ɓangaren hagu inda sautuka masu zurfi suke. Maganin farko shi ne ragi. Hagu ta riƙe sauti ɗaya tak, dama biyu ko uku a warwatse, ka ɗage ƙafa daga feda. Sannan ka duba ADSR, ma'auni huɗun da ke tsara yadda sauti zai shigo, ya sauka, ya tsaya, ya fita. Na ƙarshen, in ya yi tsawo, shi ke sa sautin da ya wuce ya riƙa taka na bayansa.

Wendy Carlos, wadda ita ma da fiyano ta fara, ta fitar da Switched-On Bach a 1968 da na'urar Robert Moog. Na'urar ba ta iya fitar da sauti biyu a tare, don haka layi-layi ta riƙa naɗa a kan tef, kowane layi da irin muryarsa. Kiɗan Bach ya karɓi wannan aiki ne saboda kowane layi nasa tafiyarsa yake yi da ƙafarsa. Kai ma ka ɗauko ɗaya daga cikin darussansa masu layi biyu da ka riga ka haddace, ka naɗi dama da sauti siriri, hagu da mai kauri. A nan za ka ga amfanin abin da abokanka ke raina wa: mutumin da ya san inda kowace murya za ta taka ba ya rasa abin yi da waƙa ko da bugu ya tsaya.

Abin da fiyano ba ta koya maka ba shi ne raya sauti bayan an danna shi, kuma malamansa suna nan cikin birni. Ka je Ƙofar Fada ranar hawan Sallah ka tsaya kusa da mai algaita. Kumatunsa a cike, yana shaƙar iska ta hanci, busar ba ta yankewa, amma ba ta zama wuri ɗaya: tana rawa, tana lanƙwasa. Ka kuma lura da mai kalangu yadda yake matse tsirkiya a hammata, sautin ya zame sama ya dawo. 'Yan tayoyin nan biyu da ake murzawa da yatsa a gefen hagun kibod ɗinka wannan aikin suke yi, ɗaya na lanƙwasa sauti, ɗaya na girgiza shi. Masu fiyano da yawa ba sa ko taɓa su, abin yana ba ni takaici, domin ta nan ne maɓallan da aka raba 12 daidai-wa-daida za su kusanci muryar goge. Mamman Sani na Nijar ya naɗi karin waƙoƙin ƙasarsa da ogan na lantarki tun 1978. Ka neme shi ka ji yawan sararin da yake bari tsakanin sautuka.

Wani abu kuma kada ka yarda a ƙwace maka: taɓinka. MIDI, tsarin da kibod ke aika wa kwamfuta abin da ka danna, da aka fito da shi a 1983, yana auna ƙarfin dannawa har mataki 127. A situdiyo an saba a zana sautuka da linzamin kwamfuta, a sa manhaja ta jera su cif-cif, duk ƙarfinsu ɗaya. Kai ka buga da hannu, ka gyara inda ya kauce da yawa kawai. Ka haɗa ƙarfin dannawar da filta, wato matatar da ke rage ko ƙara hasken sauti, yadda in ka danna da ƙarfi sautin zai buɗe ya yi haske, in ka lallaɓa ya dushe. Manhajojin sintasaiza irin su Vital da Surge XT duk suna yin haka, kuma ana samun su kyauta.

Batun fitarwa ba shi da wahala sosai: a dandalin waƙoƙi na Audiomack kana ɗorawa da kanka, kamfanin rarraba waƙoƙi na DistroKid kuma kuɗin shekara ake biya ya kai maka Spotify da sauransu. In za ka sa mawaƙi, ku rubuta kason kowa kafin a shiga naɗi. Kuma kafin ka ɗora komai, ka saurare shi a sifikar waya, don a nan yawancin mutanenmu za su ji shi. In layin hagu ya ɓace gaba ɗaya, ka buɗe masa filta kaɗan ko ka ninka shi da sauti ɗaya a zangon da ke samansa.