Amsar tambayar jiragen Yaƙin Duniya na Biyu a gem

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. To ɗan uwa na ji tambayar da ka jefo ɗazu, wai jiragen Yaƙin Duniya na Biyu da muke tuƙawa a gem ɗin War Thunder da IL-2 da DCS, shin haka suke tuƙuwa da gaske ko kuwa masu gem ne kawai suka zauna suka tsara son ransu. Rubutawa zai yi tsawo shi ya sa na ce bari in yi murya, a yi haƙuri da ni.

Ni dai a ganina lissafin sun same shi, abin da ba su samu ba shi ne abin da jikin matuƙi yake ji. Gudun jirgi a tsayi kaza, saurin hawansa, nauyinsa da mai da harsashi, duk wannan akwai takardun gwaji na lokacin yaƙin, har jiragen abokan gaba da aka kama aka gwada. Misali jirgin Zero na Japan da Amurkawa suka tsinta a tsibirin Akutan na Alaska a 1942, suka gyara shi suka tashe shi, a nan suka tabbatar cewa in gudu ya yi yawa sandar tuƙinsa tana yin tauri, baya iya mirginawa da sauri. Shi ya sa ko a gem in ka tsaya zagaye da Zero a hankali ka gama yawo, amma in ka riƙe gudunka ka nutsa ƙasa sai ka bar shi a baya. Wannan kam sun yi daidai.

Wanda ya fi burge ni shi ne na Spitfire na farko, jirgin Ingila na 1940 lokacin da ake gwabzawa a sararin Ingila. Injinsa Merlin kafireta gare shi, to in ka danna hancin jirgin ƙasa da ƙarfi sai man da ke cikin kafiretar ya tashi sama, inji ya yi tari ya ɗauke na ɗan lokaci. Shi kuwa Bf 109 na Jamus injekta ne, ko a jikinsa, saboda haka Bajamushe in ya ga an biyo shi kawai sai ya danna ƙasa ya tsere, su kuma turawan Ingila dole sai sun fara kifar da jirgin sannan su ja sanda su bi shi, kafin nan ya ba su tazara. Sai a 1941 wata injiniya Beatrice Shilling ta kawo wani ɗan ƙarfe mai rami a tsakiya aka sa a layin mai, ya rage matsalar. Duk gem ɗin da ka danna Spitfire na farko ƙasa inji bai yi ko tari ba, ka san wasa suke yi da kai.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Joyistik ɗin da ke kan teburinka sifirin ne a ciki, ƙarfin da za ka sa a gudun kilomita 200 a awa shi za ka sa a 650, da yatsa biyu ma ka ja shi har ƙarshe. A jirgin gaske babu haidirolik a sandar yawancinsu, waya ce da ƙarfe daga hannunka zuwa fiffike, iskar da ke dukan fiffiken kai take duka a damtse, kamar dai ka juya sitiyarin babbar mota da ba ta da fawa. Bf 109 in ya nutsa da gudu sai mutum ya sa hannu biyu, ga wurin zaman matsattse, ba ka da filin da za ka buɗe gwiwar hannu ka tura sanda gefe. Abin da masu gem suka yi shi ne, in gudu ya kai wani wuri sai su rage yadda jirgin ke amsa maka, kai kuma da ba ka jin nauyin komai sai ka ce kontrol ya lalace, har ka ga mutum yana zage-zage wai an cuci jirgin ƙasar da yake so. Ba lalacewa ba ne malam, ƙarfin ɗan adam ne suke kwaikwaya. P-38 na Amurka ma haka, shi nasa ya fi muni, in ya nutsa daga sama sosai iskar kan fiffike ta kusanci gudun sauti sai hanci ya ƙara dulmiya sanda ta ƙi ja, mutane sun mutu a haka kafin a sa masa wasu ƙananan faifai a ƙarƙashin fiffike.

Haka maganar nauyin da ke danne mutum in ya ja kwana da ƙarfi. Allo ya yi duhu kamar yadda ganin matuƙi ke dushewa, eh, sun sa, amma kai kana zaune lafiya lau, wuyanka baya ciwo, numfashinka bai sarƙe ba, kuma ba ka jin rawar da jirgi ke yi a mazauninka gab da fiffike zai daina ɗaukar iska, alhali da wannan rawar matuƙan suke gane sun kai iyaka.

Shi War Thunder in kana wasa da maus kada ma ka kawo shi cikin zancen, akwai wani mataimaki a ɓoye da yake tuƙa maka, kai nuni kawai kake yi, shi ke taka fedar da ke juya hancin jirgi hagu ko dama, shi ke hana ka faɗuwa. Sai ka shiga ɓangaren similetansa sannan za a yi magana.

Abu ɗaya da ni ban yarda da shi ba a wasu gem ɗin shi ne agogon inji. Littafin jirgin P-51 na Amurka ya ce minti 5 a cikakken ƙarfin gaggawa, sai su mai da shi in ka wuce kaɗan inji ya mutu. Ai an rubuta wannan iyakar ne don inji ya daɗe yana aiki, ba wai a minti na shida zai fashe ba. Sun yi haka ne don kada kowa ya riƙa yawo da totur a ƙure, na gane, amma dai ba gaskiya ba ne.

Sannan mu ba ma tsoron mutuwa, shi ya sa muke yin gangancin da wanda ransa ke ciki ba zai yi ba, a yi gaba da gaba a yi karo a sake sabon jirgi.

In kana so ka gwada da kanka, ɗauki Bf 109 a IL-2 ko DCS, ka kashe duk wani taimako ka tashe shi daga titi. Ƙafafunsa a matse suke don a jikin jirgin aka dasa su ba a fiffike ba, ga farfela tana fizgar hanci zuwa hagu, ga hancin ya tokare maka gani gaba ɗaya. Ka kulle tayar baya, ka buɗe totur a hankali, ƙafar dama a kan feda tun kafin ya fara karkata, kada ka yi gaggawar ɗaga wutsiya. In ya juye da kai ka ɗauko mana bidiyon a nan mu ga inda ƙafar ta makara.