Daga ina kiɗan amada ya fito?

Tambaya: Gwaggo, a bikin yayata an kira masu amada, iyayenmu suka yi ta cashewa, mu 'yan mata sai kallo. Wai ina asalin kiɗan nan, kuma me ya sa na mata ne?
Wata ɗaliba, Zariya

Amsa: 'Yata, a tsakar gida aka haife shi. Matar kulle ba ta zuwa dandali, kalangu da ganga kuma na maza ne, sai ta kama abin da ke gabanta: ƙwarya. A kifa ƙore manya da ƙanana a buga da 'yan sanduna, wata a kifa ta kan ruwa cikin babban mazubi ta riƙa amo kamar ganga. Dama hannun ya saba, ga lugude a turmi, ga waƙar niƙa da ta daɓe. Masu bori ma da ƙwarya mata ke yi musu kiɗa a cikin gida.

Ni waƙar ta fi ja na. Zabiya ta bayar, 'yan amshi su karɓa, a yi wa kishiya habaici, a zuga mace ta kama sana'a, a faɗi abin da ba a faɗa gaban miji. Kakata takan ce mu toshe kunne, alhali ita ke kan gaba a fili!

Uwaliya Mai Amada a Kano da Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, su suka kai shi rediyo da kaset har maza suka ji. Bikin gaba ki ɗaura gyale a ƙugu ki shiga.