Walƙiya ba ta gyara faɗan da ba shi da nauyi

Ka tambaye ni me ya sa faɗan takobi da sihiri yake da ƙarfi a shafin manga, littafin labarin zane na Japan, amma da an mayar da shi anime, wato fim ɗin zane mai motsi, sai ya yi lami, kuma ko ƙarin zane da walƙiya zai gyara shi. Yaro, ajiye alƙalamin nan ka saurara.

Daƙiƙa ɗaya ta fim firam 24 ce, wato hotuna 24 a jere, wannan ko wanda ya zo jiya ya sani. Mutanen Japan galibi zane 8 ko 12 suke sakawa a ciki, amma ka ji saran har a ƙirjinka. Aikin yana kan takardar lokaci, wadda ke nuna firam nawa kowane zane zai ɗauka. Jarumi ya ɗaga takobi, ka riƙe shi firam shida ko takwas yana tara ƙarfi. Saran kansa zane biyu kacal, ɗaya a jirkice kamar an shafe shi da tafin hannu, sannan ka tsayar da komai inda ƙarfe ya gamu da ƙarfe. In ka raba tazarar zanukan daidai wa daida, takobin zai yi ta lilo kamar kara a kan ruwa. Ku 'yan yanzu kwamfuta kuke bar wa cikon zanukan tsakani, sannan ku zo kuna mamaki.

Maganar walƙiya kuwa, nan ake tafka asarar da har yau take ci mini rai. A Disambar 1997 wani kashi na shirin anime na Pokémon ya riƙa ƙyafta ja da shuɗi, aka kwashi yara sama da 600 zuwa asibiti. Daga nan tashoshin Japan suka kafa ƙa'ida: kada ƙyaftawa ta wuce sau uku a daƙiƙa, jan launi mai ƙarfi kuma a yi kaffa-kaffa da shi. To mai ba da aikin zai zo ya nace a cika masa wutar sihiri da baƙi da fari masu ƙyaftawa. Ka kwana makonni a kai, a kai tasha, na'urar gwajin ƙyaftawa ta ƙi shi. Sai a dusashe hasken, a cakuɗa firam da na kusa da shi, zanen da ka zuba wa gumi ya koma hazo. Shi ɗin da ya nace shi zai juya ya ce aikinka ne bai yi ba, ya riƙe cikon kuɗinka, ko kunya babu. Saboda haka ka sa shi ya sa hannu tun farko a kan zanen tsari, wanda ke nuna yadda fim ɗin zai gudana, ka ƙirga ƙyaftawa kafin a shafa launi, firam ɗin baƙi da fari kuma ɗaya ko biyu a sara ya wadatar.

Kashi guda yana da yanka, wato guntayen fage, wajen 300, ba duka za ka zuba wa ƙarfi ba. In jigon wa da ƙane ne suka zare wa juna takobi, gwanin da ya fi kowa ka ba shi yankan da hannu yake rawa a kan ƙota, fashewar dutse ka bar wa na biyu. Ɗauko takardar lokacinka ta jiya, mu fara da saran farko.