Hayaƙin janareta a layin kasuwa: akwai doka kuwa?

Tambaya: Salamu alaikum malam. Ina da shago a Kantin Kwari, layinmu kusan kowa da ƙaramin janaretansa a bakin ƙofa, daga azahar sai kaina ya fara sarawa har da jiri, in na koma gida ya lafa. Wani ya ce min wai iskar kabon monoksaid ce. Akwai dokar da ta ƙayyade wannan abun ne ko kowa tasa ta fisshe shi?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Gaskiya wanda ya faɗa maka bai yi nisa da gaskiya ba, ciwon kan da yake zuwa a shago ya tafi a gida alama ce da ba a wasa da ita, ka daure ka ga likita ka faɗa masa inda kake wuni. Ita wannan iskar ba ta da kala ba ta da wari, tana fita ne in fetur ko gawayi bai ƙone sosai ba, kuma in ta shiga jini tana kama shi fiye da iskar oksijin sau sama da 200, shi ya sa mutum yana numfashi amma jikinsa bai samun abin da yake buƙata. Takunkumin hanci ma ba ya tare ta.

Doka kam akwai. An kafa NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta Najeriya, a 2007, ta fitar da dokar hayaƙin motocin fetur da dizal a 2011, sannan ta ingancin iska a 2014. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma a 2021 ta ce kar kabon monoksaid ta wuce miligiram 4 a kowace kubik mita ta iska in an auna na awa 24, na awa 8 kuwa 10 ne, kuma wannan na awa 8 ɗin shi ya fi shafarka tunda wuni kake a zaune wuri guda.

Inda gizo ke saƙar shi ne awo. Dokar da ba a bi ta da na'ura an auna ba a takarda take ƙarewa, kuma ko an auna a fili a bakin titi lambar za ta iya fitowa lafiya lau alhali a cikin layi mai rufin kwano inda janareta goma ke kuka abin ya yi muni, balle da sanyin safiyar hunturu da iska ke kwantawa ƙasa ta riƙe hayaƙi. Ga kuma motoci, abin da ya fi ci min rai kenan wallahi, wannan matatar hayaƙin da ake kira indomi da ke cikin salansa da ake cirewa a sayar saboda ƙarfe mai tsada da ke ciki, to shi ne ke ƙona wannan gubar kafin ta fito, Amurka tun 1975 ta fara sa shi a motoci kuma shi ya taimaka musu sosai. Mu kuma sai a cire a ƙera bututu kawai, ka tsaya a goslo ɗin Ƙofar Nassarawa tsakanin Adaidaita da tsofaffin motoci kana shaƙa. A ganina bai kamata a sabunta takardun mota ba sai an sa na'ura a bakin salansa.

Kafin nan ku 'yan layi ku zauna da shugabannin kasuwa, a haɗa kuɗi a sa sola ko babban inji ɗaya can waje nesa da ƙofofi, a sayi ƙaramar na'urar nan mai ƙara in iskar ta yi yawa a maƙala a bango. In kuma wani ya yanke jiki ya faɗi a fitar da shi fili nan take a wuce asibiti a sa masa oksijin, kar a tsaya ɗura masa manja ko madara.