Tsutsar da ke kwana cikin karan darni

Tambaya: Malam barka da aiki, daga Mirriya nake. Na karya wani tsohon karan hatsi a darnin gidanmu sai na ga tsutsa a ciki da ranta, alhali yau wata biyar ba ruwa. Me take ci haka? Ko ita ce mai ɓata zangarniya?

Amsa: Toh ɗan'uwa, ba ta cin komai wallahi, barci take tana jiran damina. Masana na ce mata Coniesta ignefusalis, uwarta wata ƴar faɗa-wuta ce kalar busasshen kara, in ta buɗe fukafukai da kyar ta kai santimita 3, da rana ta lafe jikin ganye ta naɗe jiki ko kana kusa ba ka ganinta, sai dare take yawo. Hatsi ta fi so, amma tana taɓa dawa da masara, har ciyawar daji irin gamba.

Bayan ruwan farko da ƴan makonni sai tsutsotsin su rikiɗa su zama faɗa-wuta su fito daga tsohon kara, macen ta je ta jera ƙwai a matse tsakanin kara da gindin ganye inda ido ba ya kai, tsutsotsin na ƙyanƙyashewa su huda su shige ciki su yi ta ci. In shukar ƙarama ce sai ka ga ganyen tsakiya ya bushe na gefe kuma kore shar, ka ja shi ya zaro babu wuya. In ta girma kuma, iska kaɗan ta karya ta, ko zangarniya ta fito ba ido. A damina guda suna iya haihuwa zubi biyu ko uku, na ƙarshen su ne irin wadda ka gani.

Tsutsar da ke cin zangarniyar kanta kuwa daban ce, ita cikin ƙasa take rani.

Ni abin da ke ban haushi, mutum ya kashe kuɗi a fesa magani, tsutsa na can cikin kara magani bai same ta ba, kuma shi da kansa ya ɗauko ta a amalanke ya kafa ta darni da rumbu daf da gona. Karan da za ka yi aiki da shi, ka sare da an gama girbi ka shimfiɗa shi kwance a rana, zafin ƙasa na kashe da yawa, ko ka ɗan babbaka shi sama-sama. Wanda ya rage a ba dabbobi ko a yi girki da shi kafin ruwa ya sauka.