Koyon ɗinkin haɗa ƙyallaye daga Ingila: in biya ko in dakata?

Tambaya: Ina da shagon ɗinki a Zariya, kullum sai mun zubar da ƙyallaye. Na ga wata makaranta a Ingila tana koyar da haɗa ƙyallaye a yi bargo, ta intanet, har da takardar shaidar City & Guilds. Da fam ake biya. In taɓa jarina?

Amsa: Hajiya, kada ki taɓa jarin tukuna. City & Guilds ba ƙaramar hukuma ba ce wajen ba da shaidar koyon sana'a, tun 1878 aka kafa ta a Landan. Amma uwar amaryar da za ta zo sayen kayan gado ba za ta ce ki nuno takarda ba. Juya bargon za ta yi ta duba bayansa, ta ja bakin ɗinki, sannan ta taya. Takardar tana da amfani ne idan koyarwa za ki yi, ko kina neman masu saye a ƙasar waje. Ga shi tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, abin da za a biya da fam kashi-kashi ba ya lissaftuwa.

Fara da lissafin aikin. Bargon nan hawa uku ne: fuskar da aka harhaɗa, auduga a tsakiya, sai yadin baya, a bi su da ɗinki gaba ɗaya. (Dabarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu, haka ake ɗinka lifidin dawaki.) Bargo mai inci 80 tsawo da faɗi, idan kowane gida, wato yankin ƙyalle mai kusurwa huɗu, inci 4 ne, gidaje 400 ke nan. Kowanne za ki yanke shi inci 4 da rabi, domin ɗinki yana cin kwatan inci ta kowane gefe. Kika kauce kaɗan a gida ɗaya, kafin ƙarshen layi kusurwoyi sun ƙi haɗuwa, sai farkewa. Ƙyallen kyauta ne, lokacinki ne mai tsada. Ki tambayi kanki riguna nawa za ki ɗinka a waɗannan kwanaki, nawa za su kawo. Idan kuɗin bargon bai kai haka ba, ga kuma barguna 'yan Chana jibge a kasuwa da araha, to kin yi wa mai saye aikin sadaka.

Saboda haka ki gwada da ƙananan kaya: rigar filo, jakar hannu, shimfiɗar jariri. Darussan farko suna nan kyauta a YouTube. Abin da ya cancanci kuɗinki yanzu shi ne wuƙar yanka mai kamar taya, irin ta kamfanin Olfa, da tabarmar yanka da faffaɗar rula, don almakashi ba ya ba da gidaje 400 daidai wa daida. Ki ware atamfar auduga daban, kada ki cakuɗa ta da yadin roba, kuma ki wanke ƙyallayen kafin yanka, domin wata atamfar tana zuba, wata tana tsukewa.

Ki fitar da kayan kafin hunturu. Idan oda ta fara fin ƙarfinki, sai ki rubuta wa makarantar ki tambaye su: hoto ake turawa a duba aikin ko kayan ake aikawa ta gidan waya, wa ke biyan kuɗin aikawa, kuma ana iya sayen darasi ɗaya kafin a ɗauki kwas ɗin duka? Kuɗin kuma daga ribar ƙyallayen za su fito.